Mangwaron Dakta Ya Je Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram mutane suka hana ni sakat. A layinmu na Gyadi-Gyadi, a coci, har mai adaidaita sahun da ke kai ni ofis, kowa tambayarsa ɗaya: yaya Nijar? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, musamman da ya fara dawowa kunnena da ƙari, wai har tsare ni aka yi a boda saboda akuya. Ba wanda ya tsare ni. Akuya kam akwai ta a labarin, kuma za mu zo kanta. Na rubuta komai a nan, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Sunana Rahila. Iyayena 'yan Kudancin Kaduna ne, aikin koyarwa ya kawo babana Kano, nan aka haife ni. Ina aiki a wata ƙaramar ƙungiyar kare daji da itatuwa, ofishinmu wani gidan haya ne a Tarauni, kuma ni ce mataimakiyar shugaba. Sunan yana da girma a baki, amma aikin shi ne riƙe littafin tsare-tsarenta, amsa wasiƙu, rubuta bayanin taro, da tuna mata abin da ta manta ba tare da ta gane ta manta ba. Shugabar tamu Hajiya Rabi ce, muna ce mata Dakta. Mace ce mai ilimi da gaskiya, ba ta da wasa. Idan ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta kalle ka, sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Gwajin wata shida aka ɗauke ni. Lokacin tafiyar nan saura mako biyu wa'adin ya cika, wasiƙar tabbatar da ni tana cikin durowarta babu sa hannu. Na san da ita don ni na buga ta.

Dakta tana da al'ada guda: duk inda ta sa ƙafa sai ta dasa itace. A haƙa rami, a ba ta shebur, a ɗauki hoto, a tafa. Na farko a jerin shi ne mangwaron da ke ƙofar ofishinmu, wanda ta dasa ranar da aka buɗe ofis. Kullum da safe idan ta fito daga mota sai ta dube shi ta ce Masha Allah, wani lokaci ta ƙara da cewa ba ya dai da saurin girma.

Dalilin rashin girmansa kowa a ofis ya sani, ban da ita. Ranar da na kama aiki, wadda na gada ta ja ni bayan ofis ta ba ni sirrin gidan. Ƙasar wurin duk ɓaraguzan gini ce, mangwaro ba ya daɗewa a ciki. Idan ya mutu, a jira Dakta ta yi tafiya, a je wurin mai sayar da dashe a bakin titi, a zaɓo mai tsawonsa ko wanda ya ɗara kaɗan, Baba Audu maigadi ya haƙa. Ita sau uku ta canza. Ni ma, Allah Ya gafarta mini, na canza sau ɗaya.

Sai ga gayyata daga wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Damagaram, wai mu zo mu ga yadda suka dawo da itatuwa gonakinsu. Dakta ta ce ba za mu je hannu rabbana ba. Ta sa aka samo mangwaro mai aure, wato ingantaccen iri, kore shar, tsawonsa ya kai gwiwata, a cikin baƙar leda. Ta ɗora shi kan teburina.

"Rahila, wannan amana ce a hannunki. Yadda ya bar Kano haka nake so ya isa."

Na ce in Allah Ya yarda. A zuciyata na ga mangwaron da wasiƙata an ɗaure su da igiya ɗaya.

Da bazara muka tashi, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Mama ta cika mini jaka da soyayyar gyaɗa, ta yi mini addu'a mai tsawo kamar wadda za ta tafi yaƙi. Da sassafe na isa ofis, na tarar da Baba Audu yana wasa adda. Akwai wani tsiro mai ƙaya kusa da ɗakin janareta, ana sare shi yana dawowa, kullum yana ɓata mana kyan haraba. Na tuna masa ya share shi kafin mu dawo. Ya ce an gama.

Direbanmu Malam Iro ne, mutumin Ɗambatta, mai yawan magana da kansa. Dakta ta zauna gaba. Ni da mangwaro muka zauna baya, na ɗaura masa bel, na ce a juyo masa da sanyin mota. Malam Iro ya ce shi dai ya ɗauki manya, ya ɗauki amare, ya ɗauki ragon layya, amma bai taɓa ɗaukar fasinjan da ake cewa a rage gudu a rami don kada ganyensa ya girgiza ba. Fita daga Kano kaɗai ya ci mana awa guda a cunkoson Kurna. A Kazaure muka sha mai. A Daura muka tsaya cin abinci, na fasa ledar ruwa na shayar da fasinjana kafin in sa wa bakina. Wata mai fura ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko na magani ne. Na ce mata ƙwarai, maganin zaman banza ne.

A Kongolam muka fita daga Najeriya ba tare da wata wahala ba. A ɗaya ɓangaren wani jami'i dogo ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, ya duba cikin natsuwa, yana Hausa yana jefa Faransanci kamar yadda mu muke jefa Turanci. Har ya miƙo mana, sai idonsa ya faɗa kan mai bel a kujerar baya. Ya tambayi takardarsa. Ina jin ya zaci zai kama ni. Bai san kwana uku na yi ina zarya don takardar lafiyar tsiron nan ba. Na zaro ta daga fayil, da hatimi da sa hannu, ta fi tawa kyau. Ya karanta har ƙasa, ya dube ni.

"Wato daga Kano kuka ɗauko icce za ku kai wa manoman Damagaram?"

Na ce haka ne, kyauta ce. Sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi ta dariya, suka ce mu gaida mutanen. Na ji haushi. Na ɗauka raini ne, don ban san abin da ke gaba ba.

Daga nan hanya ta miƙe ta Matamaye. Na dai lura gonakin suna da itatuwa da yawa, musamman gawo, amma hankalina yana kan ganye goma sha biyu da nake ƙirgawa duk bayan rami. Na ce a raina gwamnatinsu tana ƙoƙarin dashe.

A birnin Damagaram muka sauka a wani ƙaramin masauki na wata mata mai fara'a, Madam Halima. Abubuwan can sun ba ni mamaki. Da azahar gari yakan yi tsit, a rufe shaguna a je a huta, abin da ɗan kasuwar Kano zai ɗauka annoba ce ta shigo. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai an tambayi gida da gajiya da zafi da ƙafa kafin a zo kan magana. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi ba leda, kuma yana da taurin kai. Malam Iro ya gwada shi da haƙori, ya ajiye, ya ce a jiƙa masa zai ci idan mun zo komawa. Amma naman ragonsu da kilishinsu, ku yi haƙuri mutanen Kano, ba mu kama ƙafarsu ba. Madam ta ce Hausarmu tana da daɗi, sai dai mun cika ta da Turanci. Ta faɗi haka ne a jimlar da rabinta Faransanci ne.

A ɗakina mangwaro ya kwana. Da gari ya waye na ga ya ɗan yi laushi, na fito da shi tsakar gida ya sha hantsi. Ƙarfe takwas za mu tashi zuwa ƙauye, Dakta tana ɗakinta tana waya. Sai Madam ta kira ni shan shayi a zaure. Nasu shayin a 'yar ƙaramar buta ake dafa shi kan gawayi, a zuba a kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba. Na shanye na farko, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na miƙe zan tafi. Madam ta kama hannuna ta zaunar da ni. Ashe zagaye uku ake yi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Na biyu ya fi sauƙi. Ana cikin dafa na uku, wanda ta ce shi ne mai zaƙin, na ji muryar Malam Iro daga tsakar gida yana salati a hankali.

Jar akuya ce ta Madam, mai sheƙi, kyakkyawa. Tana tsaye kan amanata tana tauna cikin kwanciyar hankali. Abin da ta bar mini shi ne tsinke ɗaya tsaye a leda, da rabin ganye a gefe.

Gaskiya na ji tsoro. Na tuna Mama da ta riga ta gaya wa matan zumuntar cocinmu cewa 'yarta ta samu aiki. Madam ta yi ta ba da haƙuri tana zagin akuyar da harsuna biyu. Malam Iro, wanda ya san sirrin gidanmu, ya matso ya ce a yi irin na ofis mana. Ya hau babur ɗin haya, wanda su ke ce wa kabu-kabu, ya tafi neman mai dashe. Ya dawo da gumi, wai mutumin bai fito ba tukuna. Takwas saura minti biyar. Na ciro zanina daga jaka na naɗe tsinken tun daga sama har ƙasa, na ɗaure. Dakta ta fito ta tambayi dalili, na ce saboda rana. Ta gyaɗa kai ta ce na fara gane aiki. Tun da na kama aiki ba ta taɓa yabona ba sai ranar, kuma yabon ya fi zagi ciwo.

A ƙauye an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wani ƙaton gawo, maza gefe, mata gefe. Shugaban manoman wani tsoho ne siriri, Baba Isufu, da ƙaramar wuƙa rataye a ƙugunsa. Aka kawo fura a ƙwarya, mai kauri, muka sha. Dakta ta miƙe ta yi jawabi mai kyau a kan amfanin dasa itace, a inuwar da babu irinta a duk Tarauni. Da ta gama ta yi mini alama da hannu.

Na kawo kyautar tsakiyar taro. Na kwance zani a hankali, kamar jinkirin zai sa ganye ya fito. Wata mata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dakta ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Akuya ce, Dakta," na ce.

Baba Isufu ne ya cece ni daga kallon. Ya ɗauki ledar, ya kankare jikin tsinken da farce, ya nuna mana kore a ciki. Ya ce da ransa, akuya aski kawai ta yi masa. Amma ya ce ba a gona za a sa shi ba, mangwaro ɗan gata ne, sai inda ruwa yake. Ya miƙa wa matarsa ya ce ta kai shi bayan gida inda ruwan wanka ke fita. Na tambaya a hankali ina ramin da na aiko a haƙa. Ya ce saƙon ya iso, amma sun ɗauka kuskure ne, wa ke dashe da bazara? Haka aka tashi ba shebur, ba hoto, ba tafi.

Sai ya ce mu zo mu ga gona. Muka bi shi cikin rana. Gawo, kalgo, aduwa, magarya, manya da ƙanana, ko'ina cikin gonar gero. Dakta ta tambaye shi a ina suke samun irin dashe mai yawa haka. Ya ce ko ɗaya ba su dasa ba. Ya tsuguna gaban wani ɗan cunkus na tsiro, irin wanda ni zan wuce ban kalla ba, ya buɗe ƙasa da hannu, sai ga tsohon kututture. Ya ce iyayensu duk shekara sare irin wannan suke yi wajen sharar gona, shi kuwa yana sake fitowa, don saiwarsa tana can ƙasa ta san inda ruwa yake. Su abin da suka canza kaɗan ne. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su yanke sauran, su ɗaura tsumma don kowa ya san yana da mai shi. Ya zaro wuƙarsa ya miƙa wa Dakta. Na ga shugabata ta durƙusa a ƙasa da leshinta, tsoho yana nuna mata inda za ta yanka, tana cewa to, to, kamar 'yar aji ɗaya.

Da suka miƙe, ya tambaye ta, kuma na rantse ba da wata manufa ba:

"Hajiya, an ce kin dasa icce da yawa a Kano. Wanne ne kike zama a inuwarsa?"

Dakta ta ce akwai na ƙofar ofis, sai dai bai kai ga inuwa ba tukuna. Ta juyo gare ni.

"Rahila, shekararsa nawa yanzu?"

Amsar da ake so tana bakina, na san ranar da aka buɗe ofis. Amma zanin da na yi ƙarya da shi da safe yana rataye a kafaɗata, kuma na gaji. Na ga idan na sake yin wata, to haka zan yi ta sayen mangwaro har in tsufa.

"Wata biyu, Dakta. Shi ne na biyar."

Malam Iro ya ɗaga kai yana nazarin sama. Na faɗi sauran duka, da ɓaraguzan gini, da mai dashe na bakin titi, da hannuna a ciki. Baba Isufu ya ce Allah Sarki, ya ce mu koma inuwa rana ta yi zafi. Da za mu tafi ya ba ta wuƙar kyauta.

Washegari muka kamo hanyar gida. A boda jami'in nan ya leƙo ya tambayi fasinjanmu, Dakta ta ce ya samu gida. Daga nan har Kazaure ba wanda ya yi magana, har Malam Iro ya daina hira da kansa. Ni kuwa ina baya, kusa da bel ɗin da ba kowa, ina tsara takardar neman aiki a kaina. Wajen Ɗambatta ta tambaya, ba tare da ta juyo ba, su wa suka sani. Na ce kowa, har mai awarar ƙofar ofis. Ta ce hmm. Wannan hmm ɗin na yi ta juya shi har Kurna ban gane inda ya dosa ba.

Da la'asar muka shigo gari. Maimakon gida, ta ce a wuce ofis. Ta fito daga mota ta wuce mangwaron ƙofa ko kallonsa ba ta yi ba, ta shiga zagaya haraba kanta a ƙasa kamar mai neman ɗan kunne. Baba Audu ya taho da addarsa yana ba ni haƙuri, wai bai samu ya share mai ƙayar nan ba, amma yanzu-yanzu zai gama da shi. Dakta ta ɗaga masa hannu. Ta je kusa da ɗakin janareta ta tsuguna, ta tone ƙasa da yatsa. Kututture ne. Baba Audu ya ce aduwa ce, tun lokacin da aka gina gidan aka sare ta, amma ba ta jin magana. Ta tambayi wa ke sa a sare ta. Ya nuna ni da baki. Na ce ni ma gada na yi.

Ta fito da wuƙar Baba Isufu daga jakarta. Ta daɗe tana dubawa, ta zaɓi reshe uku, ta yanke sauran, ƙaya ta soke ta ba ta kula ba. Ta miƙo hannu ta ce tsumma. Na yage bakin zanin nan na ba ta, ta ɗaura. Sannan ta miƙe tana karkaɗe gwiwa.

"Buɗe littafinki. Rubuta a duba ta da kaka, a sake dubawa baɗi war haka."

Na rubuta na kaka. Na buɗe shafuka har ƙarshe, na ce, "Dakta, littafin a Disamba ya ƙare."

"Sai ki sayi na baɗi, ai ke za ki riƙe shi." Ta gyara tabarau. "Kuma idan ta mutu, ki shigo ki ce mini ta mutu."

Na ce to. Na juya na yi kamar ina neman murfin biro a ƙasa, don ba na so Baba Audu ya ga idona. Da safe na tarar da wasiƙar a tsakiyar littafin, da sa hannu.

Masu tambayar tsaraba, kilishin ya ƙare tun ranar. Wanda yake son ganin abin da na kawo daga Damagaram ya zo Tarauni, ya zagaya bayan ofis kusa da janareta, zai ga reshe uku masu ƙaya da guntun zanina a jiki, sun kusa kai mini ƙugu. Mangwaron ƙofa kuwa ya mutu makon jiya. Na ƙwanƙwasa na shiga na gaya mata da bakina. Ta ce to, a bar wurin haka, ta ci gaba da rubutunta.